Yadda za a tsara darasin kwamfuta a sakandare har hannun kowa ya kai kan na'ura

A yawancin makarantunmu na sakandare, minti biyun farko bayan an buɗe ɗakin kwamfuta su ke yanke wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Yara maza huɗu ko biyar da suka saba zuwa shagon intanet, ko suke da wa mai laftof a gida, su za su ruga su kame kujeru. Sauran mazan su yi cincirindo a bayansu. 'Yan mata kuwa, da yake ba za su shiga turereniya da maza ba, sai su rakuɓe a bakin ƙofa ko su zauna a bencin baya suna kwafar abin da ke allo. Yaron da ke dogara sanda bai ma iso ba, yana can yana fama da matakala. In aka yi zango uku a haka, sai a ji malami yana cewa mata ba su da sha'awar darasin, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta na minti biyar a jere ba.

Shi ya sa ma'aunin da ya kamata malami da shugaban makaranta su riƙe shi ne: minti nawa hannun kowane ɗalibi ya yi a kan madannai a wannan zangon? Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Yarinyar da ta fara taɓa na'ura ranar jarrabawa za ta ɓata lokaci tana lalube, ko da kuwa ta fi kowa sanin amsa.

A fara da ƙidaya

Kafin a canza komai, a yi mako biyu ana lura. A rubuta sunayen ɗalibai a takarda, a sa alama gaban duk wanda ya zauna ya danna da hannunsa, a sa wata gaban wanda ya yi tambaya ko ya ba da amsa. Zai fi kyau wani malamin daban ya yi wannan aikin, don mai koyarwa idonsa yana kan masu ɗaga hannu. Sai a ƙidaya kwamfutocin da ke aiki da gaske, ban da waɗanda ke cikin littafin kayan makaranta kawai. Sau da yawa ɗakin da ake cewa yana da talatin, goma ne ke tashi, kuma ciwon sauran bai wuce linzami, wayar wuta ko ƙurar hunturu da ta toshe fanka ba.

A ce aji yana da ɗalibai 80, kwamfuta 10 ke aiki. Mutum biyu a kowace na'ura, kenan 20 ne za su zauna a lokaci guda, aji ya kasu rukuni huɗu. A nemi mai tsara jadawali ya haɗe darussa biyu na minti 40 su zama 80 a jere. Minti 10 za su tafi wajen shiga da kunnawa da kashewa, saura 70, a raba gida biyu: rukuni biyu za su samu minti 35 kowanne a mako, sauran biyun sai mako mai zuwa. A zango mai makon karatu 12, kowane ɗalibi zai zauna sau shida, minti 210 a gaban na'ura, rabinsu hannunsa ne a kai. Ba yawa, amma kowa ya samu nasa. Kada a yi kwaɗayin cusa rukuni huɗun duka a rana ɗaya. Minti 17 ba ya isar mai koyo ya buɗe aiki, ya yi kuskure, ya gyara. Tashi da zama za su cinye lokacin. Kada kuma a sa mutum uku a na'ura, don na ukun ɗan kallo ne, kuma kusan kullum wanda ya fi kowa kunya shi ke zama na ukun.

A sa wa kowace kwamfuta lamba da fenti, a liƙa jerin sunaye a ƙofa: wance da wance, na'ura ta 4, rukunin B. A kira suna a shiga biyu-biyu. Wannan kaɗai ya kashe rige-rige.

Direba da mai nuna hanya

Zaman biyu-biyu yana da ƙa'ida, in ba a bi ta ba ya koma mutum ɗaya da ɗan rakiya. Ɗaya shi ne direba, hannunsa ke kan madannai da linzami. Ɗayan mai nuna hanya ne, shi ke riƙe da takardar aiki, yana faɗin abin da za a yi, kuma haramun ne ya miƙa hannu ya taɓa na'urar. Malami ya sa agogon waya ya buga duk bayan minti takwas, a yi musanya. A tashi a sauya kujera da gaske, domin in aka ce su miƙa wa juna madannai kawai, ba a minti biyu sun koma hannun mai ƙarfi.

A haɗa waɗanda saninsu ya yi kusa. Mutane da yawa suna ganin hikima ce a haɗa gwani da sabon shiga, amma abin da ke faruwa shi ne gwanin ya ƙosa, ya ce "kawo in nuna miki", ya gama aikin, ita kuma ta tashi da yaƙinin cewa abin ba nata ba ne. A makarantar da ke haɗe maza da mata, a haɗa mace da mace. Ya fi dacewa da tarbiyyar gidajen da yaran suka fito, yana rufe bakin masu ƙorafi, kuma yarinya ta fi sakin jiki ta yi kuskure a gaban 'yar'uwarta. Shi ma malami dokar ta hau kansa: in an kira shi ya duba matsala, ya goya hannunsa a baya ya yi tambaya, "Me kika so ya yi? Me ya yi? A wane layi kike zaton ya kauce?" Duk malamin da ya karɓi linzami ya gyara da kansa ya ƙwace wa ɗaliba mafi tsadar minti a darasin.

Su kuma waɗancan gwanayen huɗu ko biyar, ba abokan gaba ba ne, sai dai surutunsu yana kashe wa sauran gwiwa. A ware musu aiki mai wuya su yi tare. An gwada wannan a Amurka: kwalejin Harvey Mudd ta raba ajin farko na ilimin kwamfuta gida biyu, masu tsohon sani da sababbin shiga, ta kuma sake fasalin ayyukan da ake bayarwa, sai kason mata a fannin ya tashi daga wajen kashi 10 cikin ɗari zuwa kusan 40 cikin 'yan shekaru. Jami'ar Carnegie Mellon ta daina fifita waɗanda suka taɓa rubuta manhaja wajen ɗaukar ɗalibai, tare da wasu gyare-gyare, mata suka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa 42 a 2000. Ƙwaƙwalwar mata ba ta sauya cikin shekara biyar ba. Ƙofar shiga aka gyara.

Sauran sittin ɗin da ba sa kan na'ura fa?

Nan ne tsarin kan rushe. In aka bar su suna kwafar ma'anar kwamfuta da sassanta daga allo, za su tsani darasin. Akwai ilimin kwamfuta mai yawa da ba ya buƙatar wuta, wanda Tim Bell da abokan aikinsa a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand suka tattara da sunan CS Unplugged, kuma kyauta ne.

Ga ɗaya. A yanka kwali biyar, a ɗiga ɗigo 16 a na farko, 8 a na biyu, sai 4, 2, da 1, bayan kowanne a bar shi fari. Ɗalibai biyar su tsaya a jere riƙe da su, mai 16 a hagun masu kallo. Malama ta ce, "Ku nuna mini 13." Ajin ne zai yi ta gardama: mai 16 ta juya katinta don ta yi yawa, mai 8 ta nuna, mai 4 ta nuna, an samu 12, mai 2 ta juya, mai 1 ta nuna. A rubuta 01101 a allo. Sai a ce su ƙirga daga sifili zuwa 31 a jere, nan za su lura mai riƙe da 1 tana juyawa kowane karo har hannunta ya gaji, mai 16 kuwa sau ɗaya tak ta motsa. Yaron da ya ga wannan ba zai sake buƙatar haddar yadda kwamfuta ke ƙidaya da sifili da ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera katunan a juye, 1 a hagu, sai lambar da aka rubuta ta fito a birkice.

Wani aikin: a rubuta 'yar manhaja mai layi shida, a yanka kowane layi daban, a cakuɗa a ambulan, rukuni ya jera su daidai. Ɗalibin da Turancinsa bai nuna ba yana iya wannan, tunda ba a ce ya ƙago komai daga farar takarda ba. Idan rukunin ya shiga ɗakin kwamfuta, abin da suka jera shi za su fara gwadawa, ka ga ba a ɓata minti 35 ɗin wajen tunanin me za a rubuta ba.

Malami ɗaya ba zai kasu gida biyu ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zaɓi ɗalibai takwas daga ajin gaba, aƙalla rabinsu mata, a koya musu aikin mako tun kafin ranar, su jagoranci ƙananan rukunoni. Tsari ne da ƙasar nan ta sani tun ƙarni na 19, lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta horar da malamai mata da ake kira jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka a tsarin 'Yan Taru.

Abin da za a ba su su gina

Kada a fara da farar fuskar kwamfuta. Sue Sentance da abokan aikinta a Ingila sun tsara hanya mai mataki biyar da ake kira PRIMM: a hasashe, a kunna, a bincika, a gyara, sannan a ƙirƙira. A ba su manhaja mai aiki a kan takarda su faɗi abin da za ta yi. Misali da Python, wani harshen rubuta manhaja, lissafin adashi:

zubi = 500
mutane = 10
kwasa = zubi * mutane
for mako in range(1, 4):
    print("Mako", mako, "kwasa", kwasa)

A tambaya: layi nawa zai fito? Da yawa za su ce huɗu. In aka kunna, uku za su gani, domin Python yana tsayawa kafin lambar ƙarshe. Wannan ɗan mamakin ya fi bayanin minti goma. Daga nan a ce su gyara ta yadda makonni goma za su fito, wato range(1, 11), sannan su cire ladan uwar adashi daga kwasa. A lura sunayen duka da Hausa suke; Python yana karɓar har ƙ da ɗ da ɓ, ana iya rubuta kuɗi = 500 ya yi aiki. Kalmomin Turancin da mai farawa zai haddace ba su fi goma sha ba, a rubuta su a kwali a bango da ma'anarsu. Thonny manhaja ce kyauta, mara nauyi, da ke zuwa da Python a cikinta, ana girka ta daga filashi ba tare da intanet ba.

Ga ƙananan aji, Scratch na cibiyar MIT ta Amurka, wanda ya fito a 2007, inda ake jan tubalan umarni a jera su maimakon rubutawa, yana da nau'in da ke aiki ba intanet. A ɗauko alƙalaminsa: maimaita sau 4, taku 100, juya digiri 90, an samu murabba'i. A sa wannan cikin wani maimaicin sau 12 ana juya digiri 30 kowane karo, sai fure ya fito irin na aikin hula ko zanen lalle. In suka zo yin alwatika kusan kowa zai juya 60 ya ga zane ya ƙi rufewa. 120 ake juyawa, don jimillar juyin dole ta cika 360. A bar su su gano. Yaran da suka taso a tsangaya ko Islamiyya, waɗanda rubutun Larabci ya fi zama musu a ido, ana iya juya musu Scratch zuwa Larabci, kamar yadda ake iya juya shi Faransanci.

Sai dai a yi hattara da wani tarko. Kada don ana son jawo mata a ce su yi lalle da girki, maza su yi wasan mota. Wannan wariyar ce dai ta sauya riga. A jera ayyuka huɗu ko biyar, lissafin shago, jadawalin ban ruwa a fadama, wasan kacici-kacici, rabon maki, zanen hula, kowa ya zaɓa.

Bangon ɗakin ma yana magana. Sapna Cheryan da abokan aikinta sun nuna a wani bincike na 2009 a Amurka cewa kayan da aka ƙawata ɗaki da su kaɗai suna rage ko ƙara wa mata sha'awar fannin. A wurinmu, in hotunan bango duk Turawa maza ne masu kamfanoni, an riga an gaya wa yarinya wurin ba nata ba ne. A sa Margaret Hamilton da ta jagoranci rubuta manhajar kumbon Apollo 11 na 1969, a sa Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, masaniyar kimiyyar sararin sama a Jami'ar Bayero, a rubuta labarin Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu kan lissafin hatimi a 1732. A faɗa musu 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onica sun ci zinare a gasar Technovation ta duniya a 2018 da manhajar gano jabun magani. Abin da ya fi duk wannan tasiri shi ne tsohuwar ɗalibar makarantar da ke karatun kwamfuta a kwaleji ko jami'a ta zo ta zauna da su na awa ɗaya.

Lokaci da yardar gida

Ƙungiyar kwamfuta da ake yi ƙarfe huɗu na yamma ta riga ta sallami yawancin mata: akwai Islamiyya, akwai aikin gida, akwai talla, akwai uban da ba ya son magariba ta riski 'yarsa a hanya. A sa ta cikin lokacin makaranta. In ba hali, a duba ranar Alhamis, tunda Islamiyyu da yawa suna hutun Alhamis da Juma'a, a kuma tashi kafin la'asar. A ware rana ɗaya a mako da dogon hutun tara zai zama na mata zalla a ɗakin kwamfuta, da malama mace a ciki, ko da ba ta fannin ba ce, ƙofa a buɗe.

Tsoron iyaye ba na banza ba ne: hira da baƙi, hotuna, da abin da yaro zai gani. Lacca ba ta maganinsa, gani ya kori ji. A gayyaci kwamitin gudanar da makaranta, da limami, da iyaye mata, 'ya'yansu su nuna musu lissafin adashin da suka gina, a kuma nuna musu na'urorin ba sa kan intanet. Da manhajar Kiwix ana ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a kwamfuta ɗaya. Da manhajar Kolibri ana raba darussa tsakanin na'urorin ɗaki ba tare da data ba. A jihohin da shirin AGILE na Bankin Duniya ya fara da su a 2020, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, koyar da 'yan mata fasahar zamani yana cikin ayyukansa, don haka shugaban makaranta ya bi ta ma'aikatar ilimi ya nemi rabonsa.

Kada a ba da aikin gida da sai da waya ko kwamfuta. A gidaje da yawa wayar tana hannun uba ko wa, makin da aka bayar kuwa na arzikin gida ne. Kuma tunda 'yan mata kan rasa kwana ɗaya ko biyu a wata saboda al'ada, musamman inda babu banɗaki mai ruwa, a tsarin mako biyu-biyu rashin zama ɗaya yana nufin wata guda ba na'ura. A bar kwamfuta ɗaya ta ramuwa a hutun tara, kada a tambayi yarinya dalili a gaban aji.

Masu buƙata ta musamman

Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gine-ginen jama'a su shigu ga kowa. Mafi sauƙi a mayar da ɗakin kwamfuta ƙasa. In akwai dakali, a yi gangare: kowane santimita 1 na tsayi yana son santimita 12 na tsawo, kenan dakali mai santimita 30 yana son gangaren mita 3.6. Magina kan taƙaita shi don tsimin siminti, ya zama mai keke ba ya iya hawa sai an tura shi. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90, tebur ɗaya ya zama da sararin wajen santimita 70 a ƙarƙashinsa.

Ga makaho, a girka NVDA, manhaja kyauta da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka samar da ita, kuma ana iya ɗaukar ta a filashi. A saya masa abin sawa a kunne. A fara da ɗora manuniyar yatsunsa a kan F da J, masu ɗan tudu, daga nan yake gane sauran. Scratch ba zai yi masa ba, tunda jan tubala ake da ido. A kai shi Python kai tsaye, a kunna saitin NVDA da ke sanar da tazarar farkon layi, don a Python tazarar tana da ma'ana, kuma ita ce kuskuren da ba zai ji ba in ba a kunna ba. Mai raunin gani, kamar zabiya, a danna maɓallin Windows da alamar tarawa rubutu ya girma, a kuma kawar da shi daga hasken taga. Mai hannu ɗaya a danna Shift sau biyar a jere, sai na'ura ta ba shi damar danna maɓallan haɗin gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Kurma a zaunar da shi inda yake ganin fuskar malami, a rubuta masa matakai a takarda, kada kuma malami ya yi magana yana nuni a lokaci guda, ido ɗaya ba ya kallon wuri biyu. Bahago a mayar masa da linzami hagu a ƙyale shi.

Wuta

Duk wannan jadawalin yana rushewa ranar da aka ɗauke wuta, kuma rukunin da abin ya faɗa wa shi ke asara. Doka: in wuta ta katse, jadawali ya tsaya, rukunin da bai samu ba shi zai fara mako mai zuwa. Wajen sayen kaya, laftof yana cin wajen wat 45, kwamfutar tebur da allonta sukan ci ninki uku ko fiye. Laftof 10 na awa huɗu kusan kilowat-awa 1.8 ne. Batirin gubar dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar 2.4, amma rabi ake ja in ana so ya daɗe, don haka biyu ake buƙata, da allunan sola da za su cika su. A riƙa share allunan a lokacin hunturu, a rufe na'urori da yadi bayan an tashi.

A ƙarshen zango a koma kan takardar nan ta farko. A tara mintunan kowane ɗalibi, a fitar da na mata daban, na maza daban, na masu buƙata ta musamman daban. A sa kashi 40 na makin zango ya fito daga aikin hannu da aka yi a gaban malami, kowa shi kaɗai, minti biyar: buɗe fayil, gyara layi ɗaya, adana shi. A kuma duba rajistar masu zaɓar darasin kwamfuta a aji huɗu na sakandare, a kwatanta da ta bara. Duk ɗalibar da ta yi kyau a gwajin hannu amma sunanta bai fito a rajistar ba, malama ta kira ta gefe ta tambaye ta dalili kafin a rufe zaɓen darussa.